Hakkin Tsuntsaye a kan Mai Gida

Ga tambaya ɗaya, ka amsa wa kanka da gaskiya. Yau da asuba, tun ba ka ji motsin turmi ba, wace murya ka fara ji a bayan ɗakinka? Idan ka ce zakara, na yarda. Amma bayan zakara fa? Akwai waɗansu baƙi waɗanda su ke kwana bisa itacen gidanka, su sha ruwa a bakin rijiyarka, su ƙyanƙyashe 'ya'yansu cikin jinkar rumbunka. Ba su taɓa yi maka sallama ba, kai kuma ba ka taɓa tambayar sunansu ba. A kan waɗannan baƙi za mu yi darasin nan.

Watakila za ka ce, "Me ya haɗa halin kirki da tsuntsu? Ni na zo ne in koyi zama da iyalina da maƙwabtana." Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Ba a gaban sarki a ke gane halin mutum ba, gama a can tsoro ya kan sa kowa ladabi. A gaban abin da ba shi da ikon ramawa a ke gane shi. Tsuntsu ba ya kai ƙara wurin alƙali, ba shi da dangin da za su zo bin hakkinsa. Saboda haka abin da gidanka ya ke yi wa tsuntsu, shi ne ainihin abin da ke cikin zuciyar gidan. 'Ya'yanka kuwa suna kallo. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Yaro ma haka ya ke.

1. Ƙasarmu da baƙinta

Idan ka tashi daga Sakkwato ka nufi kudu bisa hanyar da ta tafi Tambuwal da Jega, za ka iske Boɗinga, da Sifawa kusa da ita, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a shekara ta 1815. Gaba kuma ga Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, ta fadamu da albasa, ta gawo da kuka da tsamiya da giginya. Daminarta gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, raninta kuwa dogo ne.

Tsuntsayen wannan ƙasa kashi uku ne. Na fari, 'yan gida, waɗanda ba su zuwa ko'ina, kamar kurciya da hasbiya da gwara da hankaka da mujiya. Na biyu, masu zuwa mana da damina daga kudu. Babbarsu ita ce shamuwa. Na uku, masu zuwa da kaka daga ƙasashen Turai suna gudun sanyi. Waɗannan su kan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamunmu da bakin ruwa irin na madatsar Shagari, su yi hunturu tare da zalɓe da kirinjijiya, sa'an nan da bazara su koma inda aka haife su.

Da daɗewa masanan Turai ba su san inda tsuntsayensu su ke ɓacewa da sanyi ba. Har waɗansu suka ce tsattsewa cikin taɓon tafki ta ke nutsewa ta yi barci. Sai a shekara ta 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, dangin shamuwa, a arewacin Jamus, aka iske mashi irin na mutanen Afirka ya huda wuyansa ya tsaya a ciki. Da mashin nan ya yi dukan tafiyar. An ajiye shi a jami'ar birnin Rostok domin shaida. Ka gani ke nan, ƙaramin tsuntsun da yaronka ke bi da dutse a bakin fadama, mai yiwuwa ne ya yi tafiyar da ba wanda ya taɓa yin irinta a zuriyarku. Ashe bai cancanci a bar shi ya huta ba?

2. Abin riƙewa: shamuwa

Sabon mai bi ya kan yi kuskure ɗaya, watau ya zaci dukan abin da kakanninsa suka yi abin zubarwa ne. Ba haka ba ne. A cikin gadon da aka bar mana akwai abin riƙewa, akwai abin bari, akwai kuma abin da za a ƙara. Bari mu fara da abin riƙewa.

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan ba su taɓa shamuwa. Ta kan zo wajen watan Mayu, sa'ad da zafin bazara ya kai iyaka, ta sauka bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Da ganinta tsofaffi su ce ruwa ya kusa, a gyara gona, a fid da iri. Idan yaro ya jefe ta, unguwa duka za ta tsawata masa, ba sai ubansa ba. Wannan ne ya sa ba ta tsoron mutum, har ta fi son gina sheƙarta cikin gari bisa ga daji. Ta kan yi ƙwai biyu ko uku. Namiji da mace su yi ta karɓeɓeniyar kwanci wajen wata ɗaya, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu a sheƙa kafin su tashi.

Me kuwa ta ke ciyar da su? Fara da tsutsa da sauran ƙwarin da ke cin shuka. Idan ka ga shamuwa suna takawa cikin gonarka da safe, aiki su ke yi maka, ba ka kuwa biya su ko anini ba. Sa'ad da ruwa ya ɗauke, sai su taru su nufi kudu maso gabas, har ƙasashen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. A can ma fara su ke ci, manoman can kuma suna murna da zuwansu kamar yadda mu ke yi.

Wani zai ce, "Kashinta ya dame ni, ga wari a ƙarƙashin itace." Gaskiya ne. Amma tsintsiya ta isa maganin wannan. Ka share ka kai gona, gama taki ne mai kyau. Wanda ya sare itacen shamuwa domin kashi, ko domin kuɗin buhun gawayi, ya kori baƙon da kakansa ya saukar. Wannan al'ada ta kakanni mai kyau ce. Ka riƙe ta, ka kuma faɗaɗa ta har ta kai ga sauran tsuntsaye.

3. Abin bari: tsoron mujiya da cinikin ungulu

Yanzu ga abin bari. An faɗa mana tun muna yara, wai idan mujiya ta yi kuka bisa ɗaki mutuwa ta kusa, wai ita mayya ce; saboda haka duk inda aka gan ta sai jifa. To, ka tsaya ka yi tunani: me ya kawo ta gidanka da dare? Ɓerayen rumbunka ne suka kawo ta. Allah ya yi ta da kunne mai ji ƙwarai, har ta kan kama ɓera cikin duhu da jin motsinsa kaɗai. Gashinta kuma mai taushi ne, ba a jin fiffikenta. Ta kan haɗiye ɓera ɗungum, daga baya ta amayar da gashi da ƙasusuwa a dunƙule. Ka tafi da 'ya'yanka ƙarƙashin inda ta ke wuni, ku nemi dunƙulen nan, ka fasa ɗaya da tsinke. Za su ga kawunan ɓeraye da idanunsu, tsoro kuwa zai fita daga zuciyarsu fiye da yadda maganarka za ta fitar da shi. A ƙasar Isra'ila, tun daga 1983 manoma suka fara kafa wa mujiya akwatuna a gonaki domin ta zauna ta rage musu ɓeraye, daga baya manoman Urdun ma suka bi su. Abin da waɗansu ke gina wa ɗaki, mu muna jifa. Wanda ya dogara ga Allah ba ya neman labarin ajalinsa a bakin tsuntsu.

Sai ungulu. Sa'ad da ni ke yaro, ranar kasuwa ba ka iya ƙirga ungulayen da ke bisa itatuwan mahauta. Sun saba da mutane har sai an kore su da ƙafa. Yau ka zaga kasuwannin Boɗinga da Shagari da Yabo, ka tambayi yara ƙanana ko sun san ta. Ina suka tafi? Waɗansu guba ta kashe su, waɗansu kuwa an kama su an sayar wa masu tsibbu, wai kan ungulu yana kawo sa'a ko yana nuna abin da ke ɓoye. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, saboda haka ba ta iya mayar da abin da aka kashe. A shekara ta 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sa ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda su ke gab da ƙarewa.

Kada ka ce ƙazama ce, gara da ta tafi. An ce ungulu ba ta jewar banza, aikinta kuwa shi ne share mushe tun bai ruɓe ba. Cikinta yana da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta da yawa waɗanda ke cikin mushen. Ka ji abin da ya sami ƙasar Indiya. Daga wajen 1990 aka riƙa yi wa shanu wani magani mai suna dikulofenak. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa shi, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, ruwan sha ya ƙazantu, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

To, kai da ka bar tsibbu, kada ka ce, "Ni dai ba na amfani da shi, sayarwa kawai na yi." Wanda ya kai wa boka kan ungulu ya sa hannu cikin ruɗin ɗan'uwansa, ya kuma cuci garinsu. Laifi biyu ke nan a ciniki ɗaya.

4. To, jan baki fa?

Na san abin da ke zuciyar manomi tun da ya fara karatun nan. Yana cewa, "Malam, ka yi ta yabon tsuntsaye, ka taɓa ganin jan baki sun sauka a gonar gero?" Na gani, ba kuwa zan ɓoye maka gaskiya ba. Babu tsuntsun daji a duniya duka da ya kai jan baki yawa. Masana sun ƙiyasta su wajen biliyan ɗaya da rabi. Ɗaya ya kan ci tsaba wajen giram 10 a yini, garken da ya kai miliyan biyu kuwa yana iya cinye tan 20 kafin rana ta faɗi. Manoman shinkafa da gero a Sakkwato da Kebbi da Zamfara sun sha kuka da su. Mutumin da ya tsare gonarsa daga gare su bai yi laifi ba. Abincin 'ya'yansa ya ke tsarewa, wannan kuwa wajibi ne a kansa.

Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, ainihin abincin jan baki tsabar ciyawar daji ce; sa'ad da ta yi ƙaranci, ko ta tsiro da ruwan fari, ya kan fi matsa wa gonaki. Saboda haka maƙwabta su yi shawara su yi shuka lokaci ɗaya, domin kada gona guda ta nuna ita kaɗai ta zama akushin garke duka. A nome ciyawa da kyau, gama ita ke fara jawo su. A yi girbi da zarar hatsi ya ƙosa. Tsofaffi sun san gero mai gashi, wanda a ke kira gargasa, ba ya yi wa tsuntsu daɗin ci. Ga kuma rumfar jira, da igiya mai gwangwanaye, da mutum-mutumi. Idan abin ya fi ƙarfin gari, a kai magana wurin malaman gona.

Na biyu, kada laifin ɗaya ya shafi dubu. Maganin da a ke fesa wa jan baki daga jirgin sama ba ya tambayar suna. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar su ma su kan mutu. Balle gubar da mutum zai barbaɗa da hannunsa a bakin ruwa. A shekara ta 1958 hukumar ƙasar Sin ta ba da umurni a kashe gwara duka, wai tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da tukwane, suka hana tsuntsaye sauka har suka riƙa faɗowa matattu don gajiya. Da gwara ta ƙare, fara da ƙwari suka sami sarari, gama da ƙwari ta ke ciyar da 'ya'yanta. A 1960 aka janye umurnin, amma ɓarna ta riga ta auku, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tsananta babbar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane daga 1959 zuwa 1961. Mai hankali ya kan rarrabe ɓarawo da ɗan ƙodago, ko da kammaninsu ɗaya.

5. Yaro da danƙo

Bari in ba ka labarin kaina, ko da shi ke ba abin yabo ba ne. Ina da shekara tara ko goma na sami danƙo, na kuwa iya harbi. Wata rana da hantsi na harbo kurciya bisa magaryar bayan gidanmu, na gasa, na cinye, ban ko ƙoshi ba. Da la'asar Inna ta kira ni, ta nuna mini sheƙa a reshen nan, da 'ya'ya biyu tsirara suna buɗe baki. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Kai ka ci uwarsu, to, kai ne uwarsu yanzu. Je ka ka ba su abinci." Na sauko da su, na jiƙa gero, na yi ta ɗura musu. Ban sani ba ashe kurciya ba da tsaba ta ke fara ciyar da 'ya'yanta ba, da wani abu ne mai kama da kindirmo wanda uwa da uba su ke fitarwa daga maƙoshinsu. Da na bar su a sheƙa ma, watakila da ubansu ya rene su. Kwana biyu suka mutu a hannuna. Inna ta ce, "Ka ga loma ɗaya ta ci rai uku." Ban sake ɗaukar danƙo ba.

Ka buɗe Kubawar Shari'a, sura 22, aya 6 da 7, ka karanta wa iyalinka. A can an ba Isra'ilawa doka a kan wanda ya iske sheƙa a hanya, aka hana shi haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Ka duba, a cikin dokokin al'umma guda an sami wurin da aka ajiye wa tsuntsuwa mai kwanci. Idan abin bai yi ƙanƙanta a can ba, bai yi ƙanƙanta a gidanka ba.

Kada ka juya maganata. Ban ce cin naman zabon daji ko fakara zunubi ne ba; mai yunwa ya ci abin da Allah ya hore masa da godiya. Abin da na ce shi ne, kada a kashe domin wasa, kada a kashe lokacin sheƙa, kada a kashe da guba, kada kuma a ɗaure ɗan tsuntsu da zare a ƙafa yara su yi ta ja har ya mutu. Yaron da ya saba dariya sa'ad da abu mai rai ke shure-shure, zuciyarsa tana yin kanta, kantar nan kuwa ba a kan tsuntsu za ta tsaya ba. Gobe ƙanensa ne, jibi matarsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Hakanan kuma ka yi hankali da son da ke kashewa. Gauraka, mai tukku kamar zinariya, dā tana da yawa a fadamun Arewa har zuwa tafkin Cadi. Saboda kyaunta aka riƙa kama ta ana kai wa gidajen masu hali domin ado, fadamun da ta ke kwanci kuma suka ragu. Yau da ƙyar a ke ganinta a dajin Nijeriya. Wanda ya ke son tsuntsu da gaske, a sake ya ke son ganinsa.

6. Abin ƙarawa: aikin da gida zai yi

Kakanni sun bar shamuwa ta zauna lafiya. Mu sai mu ƙara da kyautatawa. Ga abubuwa bakwai, ba mai bukatar kuɗi a cikinsu.

Na ɗaya, ruwa. A watan Maris da Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu ya kan wuce digiri 40, tabkuna sun ƙafe, za ka ga tsuntsaye a inuwa baki buɗe. Ka sami tsohon kasko marar zurfi, ka sa dutse a tsakiya domin ƙanana su sami wurin tsayawa, ka ɗora shi a inuwa inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa. A zubar a sake sabo kowace safiya, gama sauro ya kan ƙyanƙyashe ya girma cikin kwantaccen ruwa a mako guda ko fiye kaɗan. Ka ba yaro ɗaya wannan aiki ya zama nasa.

Na biyu, abinci. Uwargida, idan kin gama sussuka da shiƙa, kada ki share tsabar da ta zube duka. Ki bar kaɗan a gefen danga. Da rani a ke yin wannan, nesa da rumbu, kuma gwargwadon abin da za su cinye kafin dare, domin kada ɓera ya samu.

Na uku, itace. Kowane gida ya dasa ɗaya ya rene shi. Magarya da kurna da baure suna ba da 'ya'ya ga yara da tsuntsaye gaba ɗaya. Gawo kuwa da rani ya ke ganye, sa'ad da sauran suka kaɗe. Kada a yi sassabe ko datsa reshe sai an duba ko akwai sheƙa.

Na huɗu, guba. Irin da aka gauraya da magani a rufe shi da ƙasa sosai. Ɓeran da guba ta kashe a binne shi, kada a jefar bisa juji. Kada a wanke tulun feshi a tafki.

Na biyar, ɗan tsuntsun da ya faɗo. Idan tsirara ne, a mayar da shi sheƙarsa. Ba gaskiya ba ne cewa uwa za ta ƙi shi domin hannun mutum ya taɓa shi. Idan ya yi gashi yana tsalle, koyon tashi ya ke yi, iyayensa suna kusa. A ɗora shi bisa reshe a janye yara.

Na shida, tsabta. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, tana kuwa iya kama mutum. Saboda haka kaskon baƙi dabam, na kaji dabam. Idan an ga tsuntsaye sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada yaro ya taɓa, kada a ci, a sanar da malamin dabbobi. A wanke hannu da sabulu bayan wanke kasko.

Na bakwai, shi ne mafi daɗi: kallo. Da la'asar sakaliya ka shimfiɗa tabarma, ka tara iyalinka, ku yi shiru ku duba. Ka koya musu sunaye. Wanda ba ka sani ba ka tambayi kakarsu, za ta ji daɗi an tambaye ta. Ka nuna musu balbela tana bin shanu tana cafke farar da ƙafafunsu ke tayarwa. Ka nuna musu tsattsewar giginya, wadda ta ke manna 'yar sheƙarta a jikin ganye da yawunta, ta kuma manna ƙwanta a ciki domin kada iska ta zubar. Idan kun yi sa'a da damina za ku sami kogon cilakowa. Macen ta kan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar sai 'yar tsaga kaɗai, ta zauna a ciki makonni tana kwanci. Namijin kuwa ya yi ta kai da kawowa yana miƙa mata abinci ta tsagar nan, daga safe har yamma. Idan ya yi sakaci, gidan duka ya hallaka. Mai gida, ba sai na fassara maka wannan ba.

Ka sami ɗan littafi, yaron da ya iya rubutu ya riƙa sa ranar da shamuwa ta fara sauka kowace shekara, da ranar ruwan fari, da ranar tafiyarta. Bayan shekara goma gidanka yana da sanin da ba a saya a kasuwa.

Tambayoyi domin bita

1. Don me a ke gane halin mutum wurin abin da ba shi da ikon ramawa?
2. Wace al'ada ta kakanni ce za mu riƙe, waɗanne kuma za mu bari?
3. Me ke kawo mujiya gida da dare? Yaya za ka nuna wa yaro gaskiyar wannan?
4. Me ya sami Indiya sa'ad da ungulu ta ƙare, me kuma ya sami Sin sa'ad da aka kashe gwara?
5. Yaya manomi zai tsare gonarsa daga jan baki ba tare da ya cuci sauran tsuntsaye ba?
6. A cikin abubuwa bakwai ɗin nan, wanne za ka fara gobe da safe?

Ya ɗan'uwa, maƙwabtanka ba za su karanta takardar nan ba, amma za su karanta gidanka. Idan suka ga yaranka sun ajiye danƙo sun ɗauki kasko, suka ga matarka ba ta firgita da kukan mujiya, suka ga shamuwa ta zaɓi itacenka shekara bisa shekara, za su san wani abu ya sake a gidan nan, tun ba ka buɗe baki ba. Ka nemi kaskon tun yau, gama bazara ba ta jira. Allah ya ba mu zuciya mai tausayi, ya sa albarka a gidajenmu da gonakinmu. Amin.